Kafin Ka Sayi Risibar Sauti: Darasin Da Na Koya Da Kuɗin Yayana



Bara, ana saura sati uku bikin yayana, ya kira ni ɗakinsa ya miƙo mini kuɗi a ambulan. Ya ce, "Kai ne injiniyan gidan nan. Ka samo mini na'urar sauti da zan sa a falo, wadda in ana kallon ƙwallo mutum zai ji kamar yana cikin fili." Wata huɗu ya yi yana tara kuɗin nan daga albashinsa. Ni kuwa lokacin ina ajin farko a sashen lantarki, na haddace dokar Ohm, kaina ya kumbura. Ban nemi shawarar kowa ba. Na shiga kasuwa na ga wata risiba ta gwanjo, baƙa, mai nauyi kamar bulo, gabanta duk maɓallai. Mai shago ya kunna ta, ƙara ta tashi har gilashin shagon yana rawa. Na biya, na ɗauko abata a keke ina murmushi.

Da daddare muka haɗa komai. Filoginta ya ƙi shiga soket ɗinmu, don ƙafafu biyu ne gare shi masu faɗi, sai na sa masa adafta. Ina danna maɓallin kunnawa muka ji wani gurnani, sai "ɗas", sai ƙauri ya cika falon. Na haska bayanta da fitilar waya, na ga an rubuta 120V, 60Hz. Kayan Amurka ce. Ashe a shago a jikin taransifoma mai rage wuta aka gwada mini ita, ni kuma ƙara ta ɗauke mini hankali. Yaya bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Allah Ya kiyaye gaba." Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Da lokacin SIWES ya zo, da kaina na nemi a tura ni shagon gyaran kayan sauti. Abin da zan kawo muku a nan, rabinsa daga aji na samo shi, rabinsa daga bakin ogana na shago. Da yawanmu muna dab da gamawa. Wani zai kama ɗaki, wani zai buɗe gidan kallon ƙwallo, wata za a yi mata kayan ɗaki, wani kuma a gida za a ce da shi "kai da ka yi poli, zo ka zaɓa mana." Taƙaicen darasin shi ne: risiba daga bayanta ake zaɓenta. Ka san wutar gidanka, ka san sifikokinka, ka san talabijin ɗinka da girman ɗakinka, sannan ka nemi wadda ta dace da su. Lambar nan mai ƙyalli da ke jikin kwali ita ce ta ƙarshe a lissafi.

Wace risiba ake nufi?

A wurinmu in aka ce risiba, hankali yakan tafi ga ta tauraron ɗan Adam, wadda ake haɗawa da dish. Wannan daban ce. A kasuwa za ka ji ana ce mata amfilifaya, kuma ba a yi ƙarya ba, sai dai aikinta ya wuce ƙara sauti. Aiki huɗu take yi. Tana karɓar wayoyin dikoda, na'urar gem, kwamfuta da sauransu, ta zaɓi wanda kake so ta miƙa hotonsa ga talabijin. Tana warware sautin da aka ƙunshe cikin fim, ta raba shi hanya-hanya. Tana ƙarfafa kowace hanya ta tura wa sifikarta. Sannan akwai rediyo a cikinta, kuma daga rediyon nan ta samo sunanta.

Ta bambanta da hom tiyatan nan na kwali ɗaya, mai zuwa da na'urar DVD da ƙananan sifikoki biyar. Shi wancan a ɗaure yake, in na'urar ta mutu sai dai ka nemi irinta. Ita risiba kai ne za ka zaɓa mata sifikoki, ka fara da biyu, ka ƙara in hali ya samu.

Darasi na ɗaya: wuta

Wutar Najeriya bolt 230 ce, 50Hz. Haka ta Ingila da yawancin ƙasashen Turai. Ta Amurka da Kanada bolt 120 ce, 60Hz. Ta Japan bolt 100. Cajar waya da ta laftof sun saba mana da sakaci, domin su suna karɓar daga 100 zuwa 240, ko'ina ka soka su sai su yi aiki. Yawancin risibobi ba haka suke ba. A cikinsu akwai babbar taransifoma, ita ce ma nauyin da kake ji, kuma an naɗa ta ne daidai da wutar ƙasar da za a sayar da ita. In ka ba taransifomar 120 wutar 230, ƙarfenta zai ƙoshi da maganaɗisu, ta zuƙi wuta fiye da kima. In an yi sa'a fiyus ne zai tsinke. Tawa ba a yi sa'a ba, domin da oga ya buɗe ta sai muka tarar wani ya taɓa ɗaure gurbin fiyus ɗin da waya.

Saboda haka, kafin ka kalli gabanta juya ta. Kusa da inda wayar wuta ta fito akwai rubutu. In ka ga 220-240V ko 230V, bismillah. Wasu na kasuwar Asiya suna da ɗan makunni a baya da ake murɗawa tsakanin 110 da 240, sai ka tabbatar yana kan daidai kafin ka soka. In ka ga 120V ko 100V, to sai da taransifoma mai rage wuta, kuma ƙarfinta ya fi abin da risibar ke ci da kamar rabi. In risiba tana cin wat 400, nemi ta 600 ko sama. Ka sa kuɗin taransifomar cikin lissafi kafin ka ce ka samu araha. Ka tuna kuma a gida akwai ƙanne da baƙi, wata rana wani zai zare filogin don ya yi caji, ya mayar da shi soket ɗin bango kai tsaye. Ogana duk wadda ta shigo shagonsa mai 120 sai ya ɗaure filoginta da na taransifomar da salatif.

Har rediyon ma yana da ƙasa. Zangon FM na Japan a da daga 76 yake tsayawa a 90, don haka tsohuwar risibar Japan ba za ta kama maka Freedom Radio a 99.5 ba. Na Amurka kuma da yawansu tsalle suke yi daga 99.1 zuwa 99.3 zuwa 99.5, tashar da lambarta ta ƙare da 2 ko 4 ba za ta zauna daidai ba.

Sai halin wutarmu da kowa ya sani: yau ta yi ƙasa, gobe a kawo ta da ƙarfi. Sitabilaiza mai kyau tana cikin kuɗin risiba, kamar yadda kwalkwali ke cikin kuɗin babur. Sayi irin wadda take jinkirta minti biyu ko uku bayan an dawo da wuta. Mai amfani da sola ya duba inbatarsa: in ba mai fitar da tsaftatacciyar wuta irin ta NEPA ba ce, za ka ji taransifomar risibar tana kuka tana zafi. Ya kuma nemi risibar da amfilifayarta ajin D ce in zai samu. Ajin D yana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ya ci zuwa sauti, shi kuwa ajin AB, wanda ya fi yawa a risibobi, kusan rabin wutar zafi take zama. Mai batir ya san bambancin.

Darasi na biyu: labarin wat

Nan ne aka fi cin kuɗin mutane. Za ka ga ƙaramar na'ura da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya, an manna mata sitika: 5000W PMPO. Juya bayanta, sai ka ga tana cin wat 60 daga bango. Ɗan ajin farko ma ya san na'ura ba ta fitar da abin da ba ta ci ba. PMPO ba shi da ƙa'idar awo da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Irin wannan zuƙi ta malle ce ta sa tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka, FTC, ta kafa doka kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya. Abin nema shi ne ƙarfi mai ɗorewa, wanda ake rubuta wa RMS.

Ko a cikin manyan kamfanoni akwai wayo. Risiba ɗaya za a iya rubuta mata lamba biyu. Ta farko babba: an auna da hanya ɗaya tak tana aiki, a sifika mai om 6, da sauti ɗaya na 1kHz, an kuma bar gurɓatar sauti ta kai kashi 10 cikin 100. Ta biyu ƙarama: hanya biyu suna aiki tare, om 8, daga 20Hz zuwa 20kHz, gurɓata ƙasa da kashi 0.1. Ta biyun ce ta gaskiya, da ita za ka kwatanta wannan risiba da waccan. Kuma in hanyoyi biyar ko bakwai suka tashi lokaci guda, kowace za ta samu ƙasa da haka, tunda daga taransifoma ɗaya suke sha.

To wat nawa mutum yake buƙata? Ga lissafin da ya ba ni mamaki ranar da na fara yin sa. Ƙarar sauti da desibel ake auna ta. Duk lokacin da ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ƙara kamar desibel 10, wato sai ka ninka wat sau goma. Ɗauki sifikar da aka rubuta wa 88dB. Ma'anarsa, in ka ba ta wat 1, wanda ke tsaye mita ɗaya daga gabanta zai ji desibel 88. Wat 2 zai ba da 91, wat 4 ya ba da 94, wat 8 ya ba da 97, wat 16 ya ba da 100. In kujerarka tana mita uku daga sifikar, a fili za ka rasa kusan desibel 10, a cikin ɗaki kuma ƙasa da haka saboda bango yana dawo da sauti. Kun ga ke nan a falo irin namu, yawancin kallo da wat kaɗan ake yin sa. Ragowar ajiya ce don lokacin da bom zai tashi a fim ko a ci ƙwallo.

Bambancin risiba mai wat 80 da mai wat 100 desibel ɗaya ne, da ƙyar kunne zai gane. Amma sifika mai 91dB a kan wat 50 daidai take da mai 88dB a kan wat 100. Wato zaɓen sifika mai saurin amsawa ya fi maka ƙarin kuɗin da za ka biya don wat 20. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. A ɗakin ɗalibi ko falon gida, wat 50 zuwa 80 na gaskiya a kowace hanya ya isa har ya yi yawa. Gidan kallon ƙwallo mai mutum ɗari kuwa ba aikin risibar gida ba ne, amfilifayar taro ake nema masa.

Darasi na uku: om

Kowace sifika tana da lamba a bayanta: om 8, 6, 4, wani lokaci 3. Ita ma risiba an rubuta kusa da wurin ɗaura wayoyi mafi ƙanƙantar om da za ta iya ɗauka, yawanci 6, wasu 4. A nan dokar Ohm da muke haddacewa don jarrabawa take fitowa fili. Don a ba sifika mai om 8 wat 100, ana buƙatar bolt 28 da ɗoriya, wutar da za ta bi kuma amfiya 3.5. Bar ƙarar a inda take, ka canza sifikar da mai om 4: amfiya 7. Ka sa mai om 3: ta haura 9. Duk wannan ta cikin taranzistocin risibar take bi. Mai kyau za ta kashe kanta ta rubuta maka PROTECT a fuska. Wadda ta gaji kuwa sai ta ƙone.

Kuskure biyu ne suka fi kawo aiki shagon oga. Na farko, mutum na'urar hom tiyatansa ta kwali ta mutu, sai ya sayi risiba ya haɗa da tsofaffin sifikokin. Da yawan irin waɗannan sifikoki om 3 ne. Na biyu, cusa sifika biyu a rami ɗaya don "a ƙara ƙarfi." Biyu masu om 8 a jere kafaɗa da kafaɗa sun zama 4, biyu masu 4 sun zama 2. Babu risibar gida da za ta daɗe a haka.

A kula da wufa ma, wato sifikar nan mai dukan ƙirji. Ramin wufa da ke bayan yawancin risibobi sigina kawai yake fitarwa, babu ƙarfi a cikinsa. Wufar da za ta yi aiki da shi sai mai amfilifayar kanta, wadda ake soka wa filogi a bango. Ta hom tiyatan kwali yawanci waya biyu ce kawai gare ta, ba ta da filogi, in ka haɗa ta ba za ka ji komai ba.

Batun waya kuwa, kada a ruɗe ka da mai tsada. Wayar jan ƙarfe ta gaske mai kaurin 1.5mm² ta isa falo. Abin lura biyu ne: ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace sifika, kuma kada silin waya ko ɗaya ya taɓa ɗan uwansa a baya. In ka juya ɗaya, sifikokin za su riƙa ture juna, kaurin sautin ya ɓace.

Darasi na huɗu: 5.1, 7.1 da sauransu

Lambar farko ita ce yawan sifikoki, ta biyu wufa. A 5.1 akwai hagu da dama a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a gefe ko ɗan baya, sai wufa. A 7.1 an ƙara biyu a bayan kujera. In ka ga lamba uku kamar 5.1.2, ta ƙarshen sifikokin sama ne, na tsarin Dolby Atmos. Daga sinima duk abin ya faro. Dolby Digital ya fito a 1992 da fim ɗin Batman Returns, DTS ya biyo a 1993 da Jurassic Park, Atmos kuma a 2012 da Brave.

Tambayar da za ka yi wa kanka biyu ce. Ta farko, ina kujerarka? A yawancin gidajenmu kujera a jikin bango take. In haka ne, ina za ka sa sifikokin baya na 7.1? Ka biya kuɗin hanya biyu da ba su da wurin zama. Ta biyu, me kake kallo? In finafinan Kannywood ne a YouTube, da waƙoƙi daga waya, da karatu da wa'azi, kusan duka da hanya biyu aka naɗe su. Risiba za ta iya baza su ga sifika biyar, amma ba za ta ƙirƙiro abin da ba a naɗa ba. Mai Netflix da na'urar gem da faifan Blu-ray shi ne zai ci moriyar 5.1 sosai, Atmos kuma a Netflix sai mai biyan tsari mafi tsada.

In kuɗi sun yi kaɗan, shawarar oga ita ce: sifika biyu masu kyau sun fi biyar na banza. Fara da biyu na gaba. In an samu kuɗi ƙara ta tsakiya, domin a fim mai 5.1 daga ita yawancin magana take fitowa, ita ce maganin "ƙara mana, ba ma jin abin da suke cewa." Bayanta wufa, sannan na gefe. Wannan damar ta gini sannu a hankali ita ce babbar fa'idar risiba.

Darasi na biyar: ramukan baya

Amfilifaya ba ta tsufa da wuri, amma ramukan HDMI suna tsufa. HDMI ya fito a ƙarshen 2002. Samfurin 1.4 na 2009 ya kawo ARC, wato talabijin ya iya mayar da sautinsa zuwa risiba ta wayar nan guda. Samfurin 2.0 na 2013 ya kawo hoton 4K mai firam 60 a daƙiƙa. Samfurin 2.1 na 2017 ya kawo eARC da 4K mai firam 120.

Ga yadda abin ya shafe ka. In a cikin talabijin ɗin kake kallon YouTube da Netflix, kana buƙatar ARC ko eARC a ɓangarorin biyu, a talabijin da a risiba. In hoton 4K zai ratsa ta cikin risibar, nemi rubutun HDCP 2.2 ko 2.3 a jikin ramin, in babu shi za ka iya ganin baƙin allo ko hoton ya sauka. Firam 120 kuwa damuwar mai PlayStation 5 ko Xbox Series X ce, wanda talabijin ɗinsa ma yake iya nunawa. In ba ka cikinsu, kada ka biya kuɗinsa.

Tsohuwar risiba mai ƙarfi wadda HDMI ɗinta ya tsufa ba abin yarwa ba ce. Haɗa dikoda da gem kai tsaye a talabijin, sannan ka ja wayar haske, wadda ake kira oftikal, daga talabijin zuwa risiba. Tana ɗaukar sautin hanya biyu da Dolby Digital 5.1, ba ta ɗaukar Atmos. In babu Bluetooth, ƙaramar na'urar karɓarsa da ake sokawa a baya ba ta da tsada. Sannan ka ƙirga kayanka, ka tabbatar ramuka sun ishe su da ragowar ɗaya.

Makirufo da iska

Sababbin risibobi suna zuwa da ɗan makirufo. Za ka ajiye shi inda kake zama, daidai tsayin kunne, risibar ta yi ta fitar da wata ƙara daga kowace sifika, ta auna nisa da ƙarfi ta daidaita su da ɗakin. Denon da Marantz suna amfani da Audyssey, Yamaha tana da YPAO, Pioneer MCACC, Onkyo AccuEQ. A falo mai tayil da bangon siminti, inda sauti ke ta karo, wannan awon yana taimakawa ƙwarai. Na gwanjo yawanci makirufon ya ɓata a hanya. Ba komai: ɗauki tef ka auna nisan kowace sifika ka shigar da hannu, ka sa ƙananan sifikoki su bar wa wufa duk abin da ke ƙasa da 80Hz.

Zafi kuma shi ne ajalin risiba a ƙasarmu. Ramukan samanta numfashinta ne. Kada a ɗora mata dikoda, kada a rufe ta da kyallen ado tana aiki, kada a kulle ta a durowar gilashi. Bar mata aƙalla taƙi ɗaya a sama. A watan Afrilu ɗan ƙaramin fanka a gefenta ba almubazzaranci ba ne. Bayan hunturu a zare filogi a hure mata ƙura.

In za ka sayi ta gwanjo

Ba na hana kowa sayen gwanjo, yawancinmu ita ce daidai aljihunmu, kuma akwai masu kyau. Amma ka je da shiri. Tafi da mitarka da wayar HDMI da waƙar da kunnenka ya saba da ita. Karanta rubutun wuta, ka kuma bi wayar da idonka ka ga inda aka soka ta. Shinshina ramukan sama, ƙauri ba ya ɓuya. Duba sukurorin murfi ko an sha kwance su. In an kunna, bayan 'yan daƙiƙu za ka ji "ƙas" a ciki, alamar ta gama duba kanta ta saki sifikoki. Kafin a haɗa sifika, rage ƙara gaba ɗaya, ka sa mita a DC ka auna bakin kowace hanya: 'yan milibolt ne daidai, in ka ga abin ya doshi bolt guda, ajiye ta. Sa a gwada kowace hanya ɗaya bayan ɗaya da sifika, kada ka yarda da biyu na gaba kawai. Gwada kowane ramin HDMI, domin allon HDMI ne ya fi wuyar gyara da tsada. Bar ta tana aiki minti ashirin ko talatin ka ga ko za ta kashe kanta. Ka karɓi rimot, don wasu saituna ba sa shiguwa sai da shi. Sannan a rubuta maka rasit da kwanakin da za ka iya dawo da ita. Mai shagon da ya ƙi a yi wannan gwajin ya riga ya ba ka amsa.

Yadda ta ƙare

Risibar Yaya ta yi wata biyu a ƙarƙashin teburin oga. Ƙaramar taransifomar da ke jiran rimot ta ƙone, babbar ma ta taɓu. Muka canza ƙaramar, aka sake naɗa babbar daidai da 230, muka mayar da fiyus na gaske, na yanke filogin Amurka na sa namu, na kuma manna takarda a baya na rubuta sabuwar wutar don wanda zai gyara ta nan gaba. Kuɗin daga aljihuna suka fito, kuma ban ji ciwonsu ba. HDMI ɗinta tsoho ne, don haka da wayar haske muka haɗa ta da talabijin. Sifika uku ce kawai a falon har yau: hagu, dama da tsakiya. Ranar da na kai ta, Yaya ya kunna ƙwallo, ya murɗa ƙarar bai kai ko rabi ba Anti ta leƙo daga kicin ta ce a rage, maƙwabta suna da jariri. Ya dube ni ya yi dariya ya ce, "To injiniya, yanzu ka ci sunanka."

Maganar Anti ita ce zan bar muku, musamman mu mazauna hostel. Masana lafiyar ma'aikata sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. Kunnen da ƙara ta lalata ba ya dawowa, ba shi da shagon gyara. Na ɗakin kusa da kai kuma wataƙila gobe yana da jarrabawa, haƙƙinsa yana wuyanka. Wanda yake shirin saye ya ɗauki hoton bayan na'urar da na sifikokinsa, ya kai wa 'yan sashen lantarki ko malaman ɗakin gwaji su duba masa kafin ya biya. Matambayi ba ya ɓata.

Allah Ya ba mu sa'ar jarrabawa, Ya sa mu gama lafiya.